Jarumi ya hau lebul nan take ko sai ya je horo? Ina neman shawara kan dokar tebur

Abba_d20

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya ce gare ni ga waɗanda suka daɗe suna jan wasan D&D, wato Dungeons and Dragons, wasan tebur da kowa ke riƙe jarumi a cikin labari ana jefa dayis, musamman bugu na biyar ɗin nan na 2014 don shi muke bugawa. Ni ne DM, wato mai jan labarin, a teburinmu, 'yan wasa huɗu gare ni, muna haɗuwa ran Asabar da yamma in babu wani uzuri, kuma tun farko da XP muke tafiya, wato makin da jarumi ke tarawa ya hau lebul (matakin ƙarfi), yadda littafi ya ce, 300 ka hau lebul 2, 900 lebul 3, 2,700 lebul 4, 6,500 lebul 5.

To abin da ya dame ni shi ne yadda hawan lebul ɗin yake zuwa. Yanzu haka jaruman suna can cikin wani tsohon kogo ƙarƙashin dutse, sun yi kwana biyu ba su ga rana ba, sai XP ya cika musu 6,500 a daidai tsakiyar tafiya. Suka kwanta suka tashi, mayaƙin ya fara kai sara biyu a juyi ɗaya, wizad ɗin kuma, wato matsafin, ya tashi da tsafin ƙwallon wuta na Fireball a ka, alhali babu wanda ya koya masa, ba littafi ya tsinta ba, ko takardar kirki babu a jakarsa. Shi kansa mai wizad ɗin da aka tashi ya ce min gaskiya abin bai zauna masa ba, yana so ya ji cewa jaruminsa ya sha wuya kafin ya samu wannan abin. Sannan da na zauna na ƙirga kwanakin cikin labari sai na ga tun daga ranar da suka bar ƙauyensu ba su san komai ba har zuwa yau da suke iya ƙona runduna, ko wata ɗaya ba a yi ba a duniyar wasan. Wannan ya fi komai damuna wallahi.

Shi ne nake tunanin kafa doka: in XP ya cika ba za ka hau ba sai kun koma gari, ka nemi malami ko wani gwani, ka biya zinare, ka yi kwanaki kana horo. Amma biyu daga cikin 'yan wasan sun nuna ba sa so, ɗaya ma cewa ya yi ai wannan tara ce kawai aka ɗora musu, sun yi aiki sun samu abu kuma a ce sai sun biya kafin su karɓa.

Dan Allah wanda ya taɓa gwada irin wannan dokar ya faɗa min yadda ta kasance. Nawa ya kamata a caje su, kwana nawa, kuma yaya ake yi in labarin yana da gaggawa, misali an sace mutum ana binsu, ba za su ce bari mu tsaya horon sati biyu ba ai. Sai kuma ɗaya matsalar, akwai mutum ɗaya a cikinmu da aiki yake riƙe shi wasu Asabar ɗin, yanzu an bar shi a baya da XP kusan dubu, shi ma ban san yadda zan yi da shi ba.

Baba_Tsoho

Wa alaikumussalam ɗana Abba. Wannan dokar da kake son kafawa ba sabuwa ba ce, ta girmi yawancin masu buga wasan yanzu, kuma yana da kyau ka san yadda ta faro don ka san inda take ciwo.

A AD&D bugu na farko, wato tsohon nau'in wasan, littafin DM ɗin da Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, ya fitar a 1979, horo dole ne. In XP ɗinka ya cika, tsayawa kake cak, ba ka ƙara samun ko ɗaya sai ka je ka yi horo. Kuɗin kuwa zinare 1,500 ne sau lebul ɗin da kake a lokacin, a kowane sati. Yawan satin kuma DM ne yake yankewa daga 1 zuwa 4, gwargwadon yadda ya ga ka riƙe matsayin jaruminka, in mayaƙi ne kai amma kullum kana laɓewa bayan mutane to maki mara kyau za a ba ka, ka yi sati huɗu, ɗan lebul 1 ya nemo zinare 6,000 kenan. Yanzu duba wannan, jarumi mai ajin ɓarawo a wancan bugun XP 1,251 yake buƙata ya hau lebul 2, amma ko da ya samu maki mafi kyau sai ya biya 1,500. Kenan sau da yawa XP ɗinsa zai cika aljihunsa bai kai ba, sai ya ci bashi ko ya yi wa malamin nasa aiki. Shi ya sa tebura da yawa tun a wancan lokacin ko dai su rage kuɗin ko su watsar da dokar gaba ɗaya.

Amma kar ka ga kamar rashin tunani ne ya sa aka yi ta haka. A wancan zamanin yawancin XP daga dukiya yake zuwa, duk zinare ɗaya da ka fito da shi daga kogo XP ɗaya ne. Mayaƙi na buƙatar wajen 2,000 ya hau lebul 2, to ka ga kafin ya kai nan ya tara kuɗi mai yawan gaske, kuma dole a samu inda kuɗin zai tafi, in ba haka ba kowa zai zama attajiri ya daina shiga kogo. Horo ne ya zama magudanar kuɗin. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a ganina, wancan wasan an gina shi ne a kan lissafin kwanaki. Gygax ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa labari ba zai yi ma'ana ba in ba a riƙe lissafin lokaci sosai, har ya ba da shawarar in ba a zauna wasa ba, kwana ɗaya na zahiri ya zama kwana ɗaya a duniyar wasa. Kuma mutane suna da jarumi fiye da ɗaya, in wannan ya tafi horo sati uku sai ka ɗauko ɗayan ka shiga kogo da shi. Ka ga babu wanda yake zaman jira.

Bugu na biyar ba haka yake ba, kusan duk XP daga faɗa yake zuwa, kuma in ka bi lissafin da littafin DM ya bayar na yawan XP ɗin da jarumi zai iya samu a rana, wato faɗa shida zuwa takwas, za ka ga daga lebul 1 zuwa 20 ko wata biyu ba za a yi ba in ana fita kullum. Don haka abin da ka gani a teburinka haka wasan yake, ba wani abu ne ya lalace ba.

Kuma akwai dokar horo a littafin DM na 2014 ɗin, a cikin dokokin zaɓi, wataƙila ba ka kai wajen ba. Lebul 2 zuwa 4 kwana 10 da zinare 20, lebul 5 zuwa 10 kwana 20 da zinare 40, lebul 11 zuwa 16 kwana 30 da zinare 60, lebul 17 zuwa 20 kwana 40 da zinare 80. In ka haɗa duka daga farko har ƙarshe kwana 490 ne da zinare 980. Sulken ƙarfe cikakke guda ɗaya 1,500 ne a littafin 'yan wasa, ka ga kuɗin horon rayuwar jarumi gaba ɗaya bai kai sulke ɗaya ba. Don haka kuɗin ba komai ba ne a nan, kwanakin su ne dokar. Ni shawarata ka ɗauki kwanakin ka bar kuɗin a yadda yake ɗan kaɗan ɗin, ko ma ka cire shi, wanda ya ce tara ce sai ya rasa abin cewa.

Sadiq Zango

Baba Allah ya ƙara girma, bayani ya fito, amma ni dai ina ɓangaren 'yan wasan nan biyu da suka ƙi.

Malam Abba ka tambayi kanka me zai faru a tebur in an kafa dokar. Za su koma gari, ka ce "to kun yi kwana 20 kuna horo, kowa ya cire zinare 40", su goge lamba su rubuta wata, shikenan minti biyu an wuce. Me aka ƙara? Babu. Abin da aka yi kawai shi ne an jinkirta musu daɗin da suka yi sati da sati suna jira. Mutum ya bar harkokinsa ya biya kuɗin mota ya zo, an ce XP ya cika, ransa ya yi fari zai buɗe sabon shafi, sai ka ce masa a'a sai nan da zama uku in kun fita daga kogo, kuma cikin zama ukun nan zai iya mutuwa da ƙarfin lebul 4 alhali ya riga ya ci lebul 5, wannan yana da ciwo sosai.

Batun wai daga ina wizad ya samo Fireball kuma, ai littafin ya riga ya amsa, tsafi biyun da yake samu kyauta duk lebul sakamakon binciken da yake yi ne da kansa a hanya, duk daren da aka yada zango yana duba littafinsa yana gwaje-gwaje. Mayaƙi kuma wane horo ya fi a kawo maka sara na gaske ka kauce? Mutumin da ya yi faɗa da goblin ashirin ya rayu ba ya buƙatar wani tsoho a gari ya nuna masa yadda ake riƙe takobi.

Ni na bar XP ma gaba ɗaya, zango-zango nake yi. In sun gama wani babban sashe na labari, sun kuɓutar da garin ko sun kashe shugaban 'yan fashin, sai na ce kowa ya hau. Wannan ma yana cikin littafin DM. Da wannan matsalolinka biyu sun tafi lokaci guda, babu mai hawa a tsakiyar kogo tunda kai ke zaɓar lokacin, kuma wanda aiki yake riƙewa ba a bar shi a baya ba tunda tare ake hawa. Kuma yana kashe ɗabi'ar nan ta ganin duk abin da ya motsa a kashe shi don XP. In kana so lokaci ya wuce a duniyar sai ka ce bayan wannan nasara damina ta sauka hanyoyi sun yanke, an yi wata uku a gari. Ba sai ka kira shi horo ba, ba sai ka karɓi ko sisi ba.

Abba_d20

Na gode Baba, na gode Sadiq. Baba gaskiya ban san dokar tana cikin littafin ba, yanzu na buɗo na ganta.

Sadiq na fahimce ka, kuma maganar mutum ya mutu da ƙarfin lebul 4 alhali ya ci 5 ta shige ni. Amma zango-zango na taɓa kawo musu shi suka ƙi, dukkansu huɗun. Suna son ganin lambar tana hawa, in an tashi kowa yana jira na faɗi XP ɗin ranar, har lissafi suke yi saura nawa. Kuma ɗaya ya faɗi wata magana da na kasa amsawa, ya ce in ni ne ke yanke ranar hawa to sun zama masu bin hanyar da na shimfiɗa kenan, in suka bar babban labarin suka tafi wani abin da ya fi burge su ba za su taɓa hawa ba sai sun dawo inda nake so. Duniyar tamu a buɗe take, su ke zaɓar inda za su, don haka XP zai zauna. Abin da nake nema shi ne yadda horon zai zama wani abu da ake bugawa, kar ya zama goge lamba kamar yadda ka ce.

Hauwa_Kulu

Sannunku. Yaya Abba ni ban cika buga D&D ba, Call of Cthulhu na fi ja wa ƙawayena ta Discord, amma ina ganin akwai abin da za ka ɗauka daga can.

Shi wannan wasan na kamfanin Chaosium tun 1981 babu lebul a cikinsa kwata-kwata. Kowace fasaha tana da lamba cikin ɗari, in ka yi amfani da ita a cikin labari ka yi nasara sai ka sa mata 'yar alama a takarda. In an gama babi sai ka jefa dayis na ɗari a kan kowace mai alama, in abin da ya fito ya FI lambar da kake da ita sai ka ƙara 1d10, wato abin da dayis ɗaya mai fuska goma ya ba ka. Ka lura da kyawun abin, wanda bai iya ba yana saurin ƙaruwa, wanda ya riga ya gwanance kuma da ƙyar yake motsawa, kuma ba za ka taɓa ƙaruwa a abin da ba ka taɓa ba. RuneQuest ma haka yake tun 1978, can ne ma abin ya samo asali. Babu mai tambaya daga ina jarumi ya koyi abu domin kowa a tebur ya ga ranar da ya yi shi.

Ba cewa nake ka canja wasa ba. Amma matsalar mai wizad ɗinka ita ce abin ya faɗo masa daga sama, to maganin shi ne a ga alamar abin tun kafin ya zo. Tun yana lebul 4 ka tambaye shi wane tsafi yake hari in ya kai 5, in ya ce Fireball sai ya zama duk inda aka yada zango ka ba shi minti ɗaya ya faɗi abin da yake gwadawa, yau ya ƙona gefen rigarsa, gobe wutar ta tashi ta mutu a tafin hannunsa, wata rana a cikin faɗa ya gwada ta fito rabi. Ranar da ta fito cikakkiya duk teburin zai yi ihu don sun ga wahalar. Mayaƙin ma haka, da asuba yana atisaye da wani a cikin tawagar. Wannan horo ne, kuma bai tsayar da labari ba ko na minti biyar.

In kuma lallai kana son wucewar lokaci, duba yadda Pendragon yake yi, na Greg Stafford, 1985. Kusan tafiya ɗaya ake yi a shekara, in sanyi ya shigo kowa ya koma gida, a nan ake ƙarin fasaha, a duba gona da dawaki, a yi aure a haihu, jarumi ya tsufa har ɗansa ya gaje shi. Ars Magica ma da kaka-kaka ake lissafi, matsafi zai rufe kansa wata uku yana nazari. A waɗannan wasannin mutane suna ɗokin lokacin hutun domin akwai abin da ake yankewa a cikinsa. Nan ne nake ganin Sadiq yana da gaskiya rabi, in kwana 20 ɗin babu zaɓi a ciki to ɓata lokaci ne. Amma in ka ce kwana 20 gare ka, ko ka yi horo, ko ka bi sawun ɗan'uwanka da ya ɓace, ko ka kwafi tsafin da kuka samo wanda shi ma yake cin awa 2 da zinare 50 a kowane matakin tsafi, kuma ba za ka iya yin duka ba, to yanzu an fara wasa.

Batun wanda aiki yake riƙewa, dan Allah ka daidaita shi da sauran. Rashin zuwan kansa ya ishe shi, ya rasa daɗin ranar, kar a ƙara masa da zama mafi rauni a tebur. Mu manya ne kowa da hidimarsa, ga azumi ga jarabawa ga biki, in ana hukunta rashin zuwa a hankali mutum zai daina zuwa gaba ɗaya. XP na tawaga ne, lamba ɗaya a rubuta a takarda ɗaya.

mk_dayis

Ina goyon bayan Hajiya Hauwa kan XP ɗaya na kowa, mu ma haka muke yi. Kuma in lissafin yana ba ka wahala ka ari na wasan Pathfinder bugu na biyu, duk lebul XP 1,000 ne, in ya cika ka cire dubu ka ci gaba da ragowar. Sai dai fa ba za ka ɗora shi kai tsaye a kan D&D ba sai ka sake lambobin dodanni, don can XP ɗin dodo yana bin tazarar lebul ɗinsa da na tawaga ne.

Abu ɗaya da zan ce kan horo, kar ka sa kowa ya nemi malami har lebul 20. Waye zai koya wa ɗan lebul 15? Sai ka cika duniyar da tsofaffin gwanaye, sai 'yan wasa su fara tambaya to me ya hana su su je su kashe dodon da kansu.

Baba_Tsoho

Madalla da wannan tambaya ta mk, kuma tsohon littafin ma ya san da ita, shi ya sa in jarumi ya kai babban matsayi, kamar mayaƙi a lebul 9 lokacin da ake ba shi damar gina ganuwarsa ya tara mabiya, ba ya neman malami kuma, shi yake horar da kansa.

Ɗana Abba, tunda ka ce XP zai zauna kuma duniyarku a buɗe take, bari na faɗa maka yadda nake yi a nawa teburin, ka ɗauki abin da ya yi maka.

Ina raba lebul gida biyu. Abin da jiki yake samu saboda wuya, wato HP (adadin jinin jarumi) da dayis ɗin hutu (waɗanda ake jefawa a maido da jini) da ƙarin ƙwarewar nan da ke tashi daga +2 zuwa +3 a lebul 5, wannan nan take ake ba ka bayan dogon hutu na farko, ko a ina kake, ko a cikin kogo ne. Da wannan damuwar Sadiq ta ragu sosai, ba za ka mutu don an riƙe maka jininka ba. Abin da yake ilimi ne kuma, sabon matakin tsafi, sara na biyu, sabuwar baiwa, wannan sai an samu wuri mai aminci an zauna. Ba lallai gari ba, ko zangon fatake ne ko gidan wani manomi da ya karɓe su, in dai ba a tsaron dare.

Malami kuwa sau uku kawai nake buƙatarsa, lebul 3 lokacin da yawancin jarumai suke zaɓar hanyar da za su bi, da lebul 5, da lebul 11, don nan ne wasan yake yin tsalle na gaske. Sauran lebul ɗin mutum ya horar da kansa cikin kwanakin da littafi ya ce. Kuma malaman nan ba na sa su karɓi zinare, abin da suke so daban ne. Ka duba yadda yaro yake koyon ɗinki ko kanikanci a wajen maigidansa, ba kuɗi ne babban abin ba, hidima ce da biyayya da aike, kuma ko bayan an yaye shi dangantakar ba ta yankewa, in maigidan ya shiga matsala shi za a fara kira. To haka nake gina su. Tsohuwar da za ta koya wa wizad wuta tana so a karɓo mata littafinta da wani tsohon ɗalibinta ya gudu da shi. Sarkin yaƙin da zai koya wa mayaƙi yana da abokin gaba a fada, duk wanda ya zama yaronsa ya gaji wannan gabar. Ka ga horon ya haifar maka da labari biyu ba ka sha wahala ba, kuma 'yan wasan su za su zaɓi wajen wanda za su je, ka ba su malamai biyu masu hali daban su yi gardama a kai.

Sai sharaɗi na ƙarshe wanda in babu shi duk abin da na faɗa a banza ne, duniya ta motsa lokacin da suke zaune. Ka samu kalanda ko da takarda ɗaya ce. Kafin su shiga horon kwana 20 ka rubuta abin da abokan gabarsu za su yi a kwanakin, 'yan fashin sun ƙara mutane, farashin hatsi ya tashi don an tare hanya, wani ya riga su shiga kogon ya kwashe abin da suka bari. Kar ka yi don mugunta, kuma ka bari su ji raɗe-raɗin tun kafin su yanke shawara, don su san abin da suke sayarwa da abin da suke saye. Wata rana za su ce a bar horon a bi sawu yanzu da ƙarfin da ake da shi, wata rana su ce a'a a zauna a shirya. In labari na gaggawa ne sosai irin na wanda aka sace, ina ba su damar horon gaggawa, kwana 3 maimakon 20, amma su fito da gajiya mataki ɗaya wadda ba ta sauka sai sun yi cikakken hutu a gari.

Sadiq Zango

To Baba in haka ne ban da ja sosai, raba shi biyun nan ya yi. Inda nake da saura shi ne gajiyar, mataki ɗaya a bugu na 2014 yana sa duk gwajin iyawa ya zama da naƙasu, wato a jefa dayis biyu a ɗauki ƙaramin, ɓarawon tawaga zai fi kowa shan wahala tunda aikinsa kenan laɓe da buɗe makulli, shi kuwa wizad ko a jikinsa. Gara a ce sun fito da rabin dayis ɗin hutunsu, wannan ya taɓa kowa daidai.

Malam Abba abu ɗaya dai, kar ka sauke musu dokar a tsakiyar kogon nan. Lebul 5 sun riga sun hau a tsohuwar doka, ka bar musu abinsu. In sun fito ka zauna da su kafin a fara wasa ka karanta musu, mutum biyun da suka ƙi ka tambaye su wane irin malami za su so jaruminsu ya samu, in suka sa hannu a ginin za su fi karɓa. Ku gwada zuwa lebul 7 ku sake zama.

Abba_d20

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Ga abin da zan kai musu ran Asabar: XP ɗaya na tawaga, shi abokin namu na daidaita shi da kowa tun yanzu. HP da ƙwarewa nan take, sauran sai wuri mai aminci da kwanakin littafi, babu zinare. Horon gaggawa da rabin dayis ɗin hutu kamar yadda Sadiq ya gyara. Minti ɗayan Hajiya Hauwa a kowane zango shi zan fara tun wannan satin don ba ya buƙatar yardar kowa. Malami tunda 3 da 5 sun wuce kuma 11 da nisa, ina tunanin sa ɗaya a lebul 7 lokacin da tsafi mataki na huɗu yake buɗewa.

Baba tambaya ɗaya ta rage, ɗaya daga cikinsu yana so ya haɗa aji biyu, mayaƙi ne yana so ya ɗauki lebul ɗaya na wizad. Wannan kwana nawa kake sa masa, kuma kana barin wizad ɗin tawagar ya zama shi ne malaminsa ko dole sai na waje?